Yadda Ake Haɗa Zanen Gayya na Gonar Inabi a Legas

Duk wanda ya taɓa halartar gayyar noma ya san yadda ake raba aiki: ana jera manoma a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana biye da su, kafin la'asar an gama gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako guda. Wannan tsari ne ya fi dacewa da zanen haɗin gwiwa, wato babban hoto guda wanda hannuwa da yawa za su yi. A cikin dukan shimfiɗar ƙasa da mai zane zai iya zaɓa, ban ga wadda ta karɓi tsarin gayya kamar gonar inabi ba, domin ita ma a jere take, layi bayan layi, da hanya a tsakanin kowane biyu. Bayanin da ke tafe na ƙungiya ce ta mutum shida zuwa goma, ko matasan unguwa ne a Agege, ko ɗaliban Islamiyya a Idi-Araba, ko mata masu ɗinkin hula da ke son gwada hannunsu a fenti, kuma ba sai kowa ya taɓa riƙe burushi ba.

Akwai wani shakku da ya kamata a kawar tun a zaman farko, domin idan ba a kawar da shi ba wani zai janye jikinsa ba tare da ya faɗi dalili ba. Mutane da yawa a nan suna jin gonar inabi sai tunaninsu ya tafi ga giya. Inabi ɗan itace ne da ake ci ɗanye, ake busar da shi ya zama zabibi, kuma Alƙur'ani ya ambace shi a wurare da dama. Aya ta 32 da ta 33 na Suratul Kahfi ma sun siffanta gonaki biyu na inabi da aka kewaye da dabino, da shuka a tsakaninsu, da ƙorama tana ratsa su, wanda ga mai zane wannan cikakken fasali ne: abin da ke tsakiya, abin da ke gefe, da ruwan da ke jan ido zuwa ciki. Haka nan wanda ba ya son zana mutum ko dabba zai samu natsuwa, domin gona da sararin sama da tuddai sun isa su cika hoton.

Mataki na farko shi ne a zaɓi irin gonar da za a zana, a kuma tsaya a kan guda ɗaya. A Lavaux ta ƙasar Suwizalan, gonakin a kan matakalai suke, an tokare su da katangun dutse, suna gangarowa har bakin tafkin Janeba, kuma UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 2007. Kwarin Douro na Fotugal, wanda ya shiga wannan jeri a 2001, shi ma matakalai ne, amma suna lanƙwasa suna bin jikin tudu kamar zanen ƙwarya. A La Geria da ke tsibirin Lanzarote na Sifaniya babu layi ko kaɗan: bayan aman dutsen da aka yi daga 1730 zuwa 1736, manoma suka riƙa haƙa rami a cikin baƙar toka, su dasa kurangar inabi ɗaya a ƙasan kowane rami, su gina mata ƙaramar katanga mai siffar jinjirin wata don kare ta daga iska. A Turpan ta ƙasar Sin kuwa, abin da zai fi ɗaukar idon Bahaushe shi ne ɗakunan busar da inabi, waɗanda aka gina da tubalin ƙasa aka bar musu kafofi birjik don iska ta ratsa. Ga ƙungiyar da ba ta taɓa irin wannan aiki ba, shawarata ita ce a ɗauki gona mai miƙaƙƙun layuka a fili, irin waɗanda ke kewayen Stellenbosch ta Afirka ta Kudu da duwatsu a bayansu, ko irin na gida, domin ana noman inabi a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, kusa da Zariya. Matakalai masu lanƙwasa suna da kyau ƙwarai, amma sukan rikitar da sabon hannu.

Kada a kwafi hoton mutum ɗaya daga intanet, domin hoton yana da mai shi, kuma kwafi yana kashe tunanin ƙungiya. A tara hotuna biyar ko shida, a duba abin da suka yi tarayya a kai, sannan a ajiye su. A kuma yanke shawarar lokacin shekara. A ƙasashen Turai ana girbin inabi daga Agusta zuwa Oktoba, bayan nan ganye ya koma rawaya da ja ya zube, a Afirka ta Kudu kuma girbin yana faɗowa a watannin farko na shekara. Idan wani yana zana lokacin toho, wani yana zana kaka, hoton zai fito da baki biyu.

Bayan wannan a sayo inabi na gaske, daga kasuwar 'ya'yan itace ta Ketu ko daga masu talla a bakin titi, a ɗora shi a faranti kusa da taga, kowa ya zauna ya dube shi na minti goma kafin a ci. Abin da za a gani ya saɓa da abin da ke kai. 'Ya'yan ba da'ira ba ne cif, kuma ba girmansu ɗaya ba. Na sama suna danne na ƙasa, wasu rabinsu kawai ake gani, kuma nonon inabin yana da faɗi a kafaɗa yana tsukewa zuwa ƙasa. A jikin kowane akwai wata farar ƙura mai laushi wadda yatsa ke gogewa, sai wurin ya yi sheƙi. Hasken taga yana zama a gefe ɗaya kamar ɗigon madara, ɗaya gefen kuma, idan inabin kore ne, yana ɗan haskakawa daga ciki. Ganye ya fi wuyar samu a Legas, saboda haka idan akwai mai zuwa daga Zariya a roƙe shi ya taho da 'yan ganye a matse cikin jarida. Ganyen yana da siffar tafin hannu, yawanci da ɓangare biyar, bakinsa kamar haƙoran zarto, kuma zaren da kurangar ke naɗewa da shi yana fitowa ne daura da ganye a jikin reshe.

Game da kayan aiki, a sayi falle biyu na filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8, a sa kafinta ya yanka kowane gida huɗu, a samu allo takwas masu ƙafa 2 da ƙafa 4. Idan aka jera su a tsaye gefe da gefe, za su ba da hoto mai faɗin ƙafa 16 da tsayin ƙafa 4, amma kowane allo zai shiga danfo ba tare da rigima da kwandasta ba, kuma wanda ya san matakalar benen gidan haya a Legas ya san amfanin haka. A goge allunan da sanfefa, a shafa musu farin fentin bango mai ruwa sau biyu. Dole a shafe gaba da baya da gefuna huɗu. Idan aka shafe fuska ɗaya kawai, bayan zai sha laima ya kumbura, allon ya lanƙwashe kamar kasko, kuma ba zai sake zama daidai da maƙwabcinsa ba. Fentin zanen kansa ya zama akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa yake kuma bushewa da wuri. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, kuma a damshin Legas ƙura da sawun yatsun yara za su riga shi. Ana samun kayan zane a shagunan kewayen Yaba, inda ɗaliban zane na Kwalejin Fasaha ta Yaba ke sayayya. A haɗa da burusai manya da ƙanana, soso, zare, ƙusa, alli, tamfol na shimfiɗawa, da robobi masu murfi aƙalla goma. Kuɗin a yi karo-karo, a rubuta abin da kowa ya bayar a littafi guda.

Yanzu aka zo ga ƙashin bayan aikin, wanda mutum biyu kawai za su yi yayin da sauran ke kallo. A shimfiɗa allunan takwas a ƙasa, a manne su da juna, a rubuta lamba 1 zuwa 8 a bayansu. A auna inci 16 daga saman allo na farko, a auna inci 16 daga saman na ƙarshe, a ja zare tsakaninsu, a bi shi da alli. Wannan shi ne layin da ƙasa ke haɗuwa da sama. A kan layin a zaɓi wuri ɗaya, ba a tsakiya cif ba, a ce a cikin allo na uku ko na shida, a ɗan kafa ƙusa. A ɗaura dogon zare a ƙusar, a riƙa jan bakinsa zuwa gindin allunan da gefunansu, ana bin sa da alli kowane karo, har layuka su bazu daga ƙusar kamar haƙarƙarin mafici. Waɗannan su ne layukan gonar: masu faɗi a kusa, suna tsukewa har su haɗu a nesa. Wanda ya yi musu cewa layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, a kai shi kan gadar Pen Cinema ya leƙa layin dogo na Agege, zai ga ƙarafa biyu sun zama ɗaya a can nesa. Turakun da ke riƙe da kurangar su ma haka: na kusa dogaye ne da tazara mai yawa, na nesa gajeru ne a matse. Masu zane a Turai sun daɗe suna ƙona rassan inabi su yi gawayin zane mai laushi da ke gogewa cikin sauƙi. Mu alli ya ishe mu, domin ɗanyen tsumma yana share shi.

Daga nan sai rabo, kuma a nan ne yawancin ƙungiyoyi ke tuntuɓe. Abin da ke zuwa wa kowa a rai shi ne a ba kowane mutum allo ɗaya ya tafi da shi gida. Haka muka yi a karo na farko, a wani zaure da aka ara mana a Agege. Bayan mako biyu aka dawo da allunan aka jera, sai ga sararin sama mai shuɗi iri shida, tudun da ya taso a allo na huɗu ya ɓace a na biyar, rana kuma ta fito a wuri biyu. Wani dattijo da ke zaune a bakin zauren ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni: "Malam, wannan gona ɗaya ce, ko gado aka raba?" Tun daga ranar ban sake raba aiki bisa allo ba. A raba shi bisa layi, kamar kunya: kowa ya kama layin inabi ɗaya ko biyu, ya bi shi daga gindin hoton har zuwa ƙusa, ko da zai ratsa allo uku. Amfanin haka shi ne iyakar da ke tsakanin hannun wani da na wani za ta faɗo a kan hanyar da ke tsakanin layuka, inda dama ido ke sa ran ganin canji. Mai ɗiga fenti ƙanana da mai jan burushi da ƙarfi za su zauna kusa da juna ba tare da sun yi karo ba, domin a gona ta gaskiya ma ba a samun layi biyu iri ɗaya. Sararin sama da tuddan nesa kuwa a ba mutum ɗaya, ko biyu da hannunsu ya yi kama, su gama su a zama ɗaya kafin kowa ya fara nasa.

Launi ma hannu ɗaya ne zai haɗa shi. A naɗa mutum guda, zai fi kyau mai ido irin na masu zaɓen zaren hula, ya haɗa dukan launukan a robobi, ya sa musu lamba, kuma ya haɗa da yawa, domin launin da ya ƙare a tsakiyar aiki ba ya dawowa daidai. Daga shuɗi da rawaya da ja da fari da ruwan ƙasa za a fitar da kore iri uku, mai duhu da matsakaici da mai haske, da shunayya iri biyu na 'ya'yan inabi, da launin ƙasa iri biyu, da shuɗin sama. Baƙin fenti a bar shi a shago. Idan ana son duhu a haɗa shuɗi da ruwan ƙasa, zai ba da inuwa mai rai. A tuna cewa akirilik yana ƙara duhu kaɗan idan ya bushe, saboda haka a gwada kowane launi a guntun katako, a jira ya bushe, sannan a yanke hukunci. Wani zai kawo shawarar a yi 'ya'yan inabin da zoɓo, tunda launinsu ya yi kama, kuma lallai sinadarin da ke ba su launi dangi ɗaya ne. Amma ruwan zoɓo yana koɗewa a haske, kuma da ya taɓa kanwa ko wani abu mai irin halinta sai ya juye zuwa shuɗi-shuɗi ko kore. Ya dace da gwaji a takarda tare da yara, bai dace da allon da ake so ya shekara ba.

A kuma yi ittifaƙi a kan inda rana take. Idan an ce tana sama ta hannun dama, to kowane layi gefensa na dama ne zai samu kore mai haske, inuwarsa kuma ta faɗi hagu a kan hanya. A manna takarda mai zanen kibiya a bangon wurin aikin don kada a manta. Misalin da ya cancanci a nuna wa ƙungiya shi ne hoton jar gonar inabi da Vincent van Gogh ya zana a Nuwamban 1888 a Arles ta kudancin Faransa, wanda yanzu yake gidan tarihi na Pushkin a Mosko. Rana tana can sama ta dama, babba, rawaya, kuma duk abin da ke cikin hoton yana amsa mata, daga jan ganye har ƙasar da ruwan sama ya jiƙa. Anna Boch, wata mai zane 'yar Beljiyam, ta saye shi a 1890 a kan kuɗi faran 400. A lokacin da ya zana shi yana zaune gida ɗaya da wani mai zane, Paul Gauguin, da burin kafa zauren masu zane da za su riƙa aiki tare, amma zaman bai wuce mako tara ba ya watse, domin kowannensu yana da nasa ra'ayin game da yadda ake zane kuma babu mai saurarawa. Shi ya sa nake ganin a gama gardamar launi da haske da rabo a zaman farko, a rubuta abin da aka amince, tun burushi bai jiƙe ba.

Ranar aiki a fara daga nesa a taho kusa. Abin da ke nesa yana da haske, ya karkata zuwa shuɗi, kuma ba a ganin ganyensa ɗaya-ɗaya, kamar yadda benayen Ikko ke dushewa idan aka hange su daga gadar Third Mainland da safiyar hazo. Saboda haka kusa da ƙusa a sirka kore da fari da ɗan shuɗi, a ja shi da siririn burushi kawai. A tsakiya a yi amfani da soso: a tsoma shi a kore mai duhu a dangwala, a jira ya sha iska, a bi da matsakaici, sannan mai haske a gefen rana kaɗai. Sai a ƙafa ɗaya ta ƙarshe, a gindin hoton, ake zana ganye da siffarsa da 'ya'yan inabi ɗaya-ɗaya. Sababbin hannu sukan so su cika ko'ina da 'ya'ya har zuwa nesa, alhali a gona 'ya'yan suna rataye ne a ƙasan ganye, a cikin inuwa, kuma daga taku ashirin ba a cika ganinsu ba. Nono uku ko huɗu a kowane layi, da aka yi da haƙuri, sun fi ɗari da aka ɗiga da gaggawa. Yara kuma a ba su hanyoyin da ke tsakanin layuka, su shafa launin ƙasa su ɗiga tsakuwa.

Bayan kowace sa'a a ajiye burusai, a jingina allunan a bango, kowa ya ja da baya taku goma. A wannan tsayuwa ana magana a kan hoton ne, ba a kan mutum ba. A ce, "Yaya, inuwar layi na huɗu ta fi ta maƙwabtansa duhu," ko kuwa, "Hajiya, ko za a ɗan rage rawaya a can nesa?" Ba a sa burushi a layin wani sai da izininsa, kamar yadda ba a shiga kunyar wani a gayya sai ya gaji ya nemi a kama masa. A zama na ƙarshe ne kawai mai haɗa launi zai bi hoton gaba ɗaya da launi guda mai ruwa-ruwa, ya ɗan taɓa inuwowin hanyoyi don su yi kama, ya kuma duba wuraren da alluna ke haɗuwa ya cike farin da ya leƙo.

Ƙungiyar da ta fi sabawa da allura za ta iya yin wannan aiki duka a kan yadi: a zana layukan da kullun rogo irin na adire, rinin Yarabawa, a tsoma a baba, sannan kowa ya cike layinsa da ɗinkin hannu. Wadda kuma aka ba ta rufin zaure maimakon bango, ta nemi hotunan kabarin Sennefer da ke yammacin Luksor a Masar, inda masu zane fiye da shekara 3,000 da suka wuce suka lulluɓe rufin dutse marar daidaito da kurangar inabi, har tudu da kwarin dutsen suka zama kamar rumfa mai nauyin 'ya'ya.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin a Legas shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, domin daga Afrilu zuwa Yuli iska tana ɗauke da laima mai yawa kuma fenti yana jinkirin kamawa. Idan an gama a bar allunan kwana uku a inuwa inda iska ke wucewa, sannan a shafa musu man sheƙi mai ruwa sau biyu, har da gefuna. Wajen ratayewa kada a manna su da bango kai tsaye: kafinta ya kafa dogayen katakai biyu a kwance, a ɗaure allunan a kansu, a bar tazarar inci ɗaya don iska ta zaga ta baya, in ba haka ba damshin bango zai haifar da fumfuna cikin damina ɗaya. A guji bangon da rana ke duka kai tsaye da wanda ke kusa da hayaƙin janareta. Tun kafin ranar ratayewa a rubuta yarjejeniya a littafin karo-karo: wane ne ke riƙe da hoton, a ina zai zauna, yaya za a raba kuɗi idan wani ya taya, kuma ba za a sayar da allo ɗaya shi kaɗai ba. Sunayen masu aikin a rubuta su a bayan allo na farko, kowa da lambar layinsa da ranar da aka gama, da boko ko da ajami, yadda mai sunan ya fi so. Ragowar fentin kuma a rufe robobin da kyau, a ajiye su tare da guntun katakon gwaji, domin ranar da gefen wani allo zai goge a hanyar zuwa baje koli.